Ƙirga Biyar, Sannan Ki Matsa

Talata, 13 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

Kwana goma ke nan da rasuwar maigidana Ebo. Kwana goma ina zaune a kan tabarma a ɗakinsa, da baƙin zane, ban taka bakin ƙofar gida ba, kuma ba zan taka ba sai an binne shi. Danginsa sun sa rana, Asabar ta ƙarshe a watan Satumba. Yana can a firjin asibiti, ina nan a ɗaki. Duk mu biyu an ajiye mu.

Littafin nan na ƙungiyar matan cocinmu ne, ni ce sakatariya. Na juya shi ta baya ina rubutu, tunda mai takaba ba ta ɗaga murya. Ba gunaguni nake yi ba. Macen da ta san darajar kanta ba ta gunaguni.

Abu ɗaya ne ke damuna, 'yata Kukuwa. Shekara huɗu tana Akra tana koyon aikin kula da numfashin marasa lafiya. Saura mata jarrabawa ɗaya, ta gwaji da hannu, ranar Litinin biyu ga Satumba, ta gama. Yanzu ta ce ba za ta koma ba. Da da kuka ta faɗa, da na san yadda zan yi da ita. Ajiye min koko ta yi a bakin tabarma ta ce, "Maame, na daina." Kamar mai cewa gishiri ya ƙare.

Na ce, "Kin daina me? Numfashi?"

Ta fita.

'Ya'yan zamani ke nan. Abu kaɗan sai su zube. Uban wa bai mutu ba?

Laraba, 14 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Kifi ya zo. Tun safe nake jin hayaniyar mata a bakin teku, kwale-kwale suna shigowa a cike. Watan da muke jira duk shekara, ga ni a ɗaure kamar akuya. Murhuna shida na banda suna bayan gida, kuma Kukuwa ce ke tsaye a kansu. Yarinyar da ta ishe ni da wa'azin cewa hayaƙi na cin huhu, wadda ta saya min ƙyallen rufe hanci har sau uku, yau ita ce a tsakiyar hayaƙi, fuska a buɗe. Ina jin tarinta ta taga.

Na aiki Maame Tawiah ta kira ta. Maame Tawiah ce tsohuwar da dangi suka ajiye min ta kula da takabata. Ta binne maza biyu, ta ce na uku ya ji labari ya fasa zuwa. Ta dawo ta ce, "Ta ce kifi zai ƙone."

"Ki ce mata ni na kira ta."

"Na faɗa, Araba. Ta ce ke ma kin san kifi ba ya jiran uwar kowa. Ai maganarki ce, daga bakinki ta ɗauka."

Alhamis, 15 ga Agusta, tsakar rana

Ban fita ba.

Juma'a, 16 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma

Yaya Mansa ta zo, babbar yayar Ebo, da fufu da miya a kwano. Na gode. Amma ba ta taɓa kawo abinci ba tare da ta kawo magana a ƙarƙashinsa ba.

"Matarmu, ya zaman? Ina likitar tamu?"

Na ce tana baya.

"Ah, ta koma banda? Gara haka. Kifi dai ya riga ya mutu, ba abin da za a ƙara masa."

Maame Tawiah ta ce, "Mansa, bakinki ya fi ƙaya."

"Ni na faɗa? Uwarta ce ta faɗa, a ƙofar asibiti, a gaban kowa. Ko ba haka ba, matarmu? Me kika ce ma? Tana matsa abin nan kamar mai tatsar akuya da barci a ido."

Na ce mata ciwon rai ne ya yi magana ranar.

"To, ciwon rai ba ya ƙarya. Egya Amissah ya ce ranar Asabar ta ƙarshen wata dangi za su zauna, a ji yadda ɗan'uwanmu ya tafi, daki-daki, kafin a shiga hidimar binnewa. Namiji ya karya kumallo da kansa, kafin rana ta karkata a ce babu shi, ga 'yar da ya kai makarantar numfashi a zaune kusa da shi? Sai an yi bayani."

Egya Amissah shi ne shugaban danginsu. Gidan nan nasu ne, filin da murhuna suke kai nasu ne. Ni da Kukuwa 'yan wani dangi ne, ɗa na bin uwarsa. Kowa ya san wannan, ban san me ya sa nake rubutawa ba.

Na faɗi maganar akuyar. Ban musa ba. Amma yarinya mai tarbiyya ba ta riƙe maganar uwarta a zuci. Tawa uwar ta faɗa min abin da ya fi haka sau ɗari, na share hawaye na ɗauki itace.

Asabar, 17 ga Agusta, ƙarfe sha ɗaya na safe

Mako biyu daidai. Warhaka muna cikin mota.

Bari in rubuta sau ɗaya, in huta. Asma ce, wadda yake fama da ita tun yana shiga teku. Ranar ta tashi masa bayan ya ci abinci, abin shaƙarsa bai yi komai ba. Kukuwa tana gida, ta zo hutun kwana uku. A ƙaramin asibitin garinmu aka yi masa allura, aka ce sai babban asibiti, motarsu kuma ta fita da wata mai haihuwa. Kafin a samo tasi ya daina magana, leɓensa ya yi toka. Nas ta miƙa wa Kukuwa wata jakar roba mai girman kwakwa, da marfi da ake ɗorawa a hanci da baki. Ana matsa jakar, iska ta shiga ƙirji. Ta ce, "Kin fi ni sanin wannan, 'yar'uwa. Ku tafi."

Fiifi mai tasin ne ya ja mu. Ebo a kwance a kujerar baya, kansa a cinyar Kukuwa, ni ina durƙushe a gefe. Ta matsa. Ta tsaya. Tana ƙirgawa a hankali, leɓenta na motsi, ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Ta sake matsawa. Mutum yana mutuwa, ita tana lissafi.

Shekara talatin ina hura wuta. Wuta in ta fara mutuwa, iska ake ƙara mata, da sauri, da ƙarfi, ba a tsayawa ƙirga. Na ce mata ta yi sauri. Ta ce, "Maame, bari." Na sake faɗa. Ta ce, "Maame, don Allah, bari." Ranar kasuwar Mankessim ce, motoci sun cushe, muka tsaya cik kusan rabin awa tsakanin masu tallar burodi.

Daga Mankessim zuwa ƙofar asibiti ba ni da abin rubutawa. Na yi abin da kowace mace za ta yi.

Lahadi, 18 ga Agusta, bayan an taso daga coci

Ina jin waƙarsu daga nan. Matan ƙungiya sun biyo da fararen kallabinsu, suka tsaya a ƙofa suka yi min addu'a. Kukuwa ba ta je ba. Na ce mata wanda ya yi fushi da Allah, da wa zai shirya? Ta ce ba da Allah take fushi ba. Na ce to da wa? Ta ɗauki kwano ta fita.

Ban fita ba.

Litinin, 19 ga Agusta, ƙarfe tara na safe

Fiifi ya zo gaisuwa. Ya tsaya daga waje, ya miƙo wata baƙar leda ta hannun Maame Tawiah. Ya ce a ƙarƙashin kujera ya gan ta da yake wanke mota. Jakar robar ce.

Ya ce, "Maame Araba, an ce dangi za su kira ni ranar zaman. Ni dai idona na kan hanya. Direba ba ya kallon baya, ko ba haka ba?"

Na ce haka ne.

Ya ce, "Madubin ma ya tsage."

Ban tambaye shi zancen madubi ba.

Maame Tawiah ta ce a jefar da abin, kayan da ya taɓa bakin mamaci ba ya kwana a ɗaki. Na ce kayan asibiti ne, ba namu ba, kuma ba a tashe ni da riƙe ko zubar da abin mutane ba. Na sa shi a ƙarƙashin matashina har a samu mai mayarwa.

Talata, 20 ga Agusta, ƙarfe uku na yamma

Saura kwana goma sha uku a yi jarrabawar.

Yau na yi wa Kukuwa magana sosai. Na zaunar da ita. Na tuna mata yadda ubanta yake zuwa da ƙafa har bakin titi ya tare ta, yana haki, don kawai ya ɗauki jakarta a gaban mutane. Na ce wanda ya fara gini ya bar shi ba rufi ya yi wa ƙadangaru aiki. Na ce kunya ba a gudunta, wanke ta ake yi. Na ce in ta yi kuskure, ta koma ta koyi daidai, abin da makaranta take yi ke nan. Na yi magana mai kyau, da a taron mata ne da an tafa.

Ta saurara har ƙarshe, idonta a kan hannuwanta. Ta ce, "A jarrabawar, Maame, akwai mutum-mutumin roba a kan gado. Za su ba ni jaka su ce in ba shi numfashi, malamai uku suna kallo da agogo. Ba zan iya taɓa ta ba."

Na ce, "Roba ce fa."

Ta ce, "Na sani."

Alhamis, 22 ga Agusta, ƙarfe sha ɗaya na safe

Zama ya ishe ni. Na karanta Zabura har ta ƙare. Littattafan Kukuwa suna nan a jaka bayan ƙofa, inda ta jefar da su. Na gama sakandare, Turanci bai fi ƙarfina ba, sai na ɗauko in ga abin da aka yi shekara huɗu ana koya.

Ba wasa ba ne, na yarda. Zanen huhu kamar bishiya a kife, kowane reshe da sunansa. Lissafin iskar da ke cikin jini. Yadda ake saita na'urar numfashi, da yadda ake zuƙe majina daga maƙogwaron wanda ba ya iya tari. Akwai wani littafi da malamai ke sa hannu duk lokacin da ta yi aiki a jikin majiyyaci na gaske. Shafi bayan shafi, sa hannu, sa hannu. Wata Malama Lamptey ta rubuta a gefe: hannu mai natsuwa.

Ina alfahari, ko da yake ba zan faɗa mata ba. Yabo na lalata yaro.

Alhamis ɗin dai, ƙarfe biyu na rana

Akwai shafin da ke magana a kan jakar robar nan. Da rubutun hannunta, ta ja layi biyu da jan biro.

Matsa sau ɗaya, ki ƙirga biyar. Kada ki yi sauri, ko da kowa na ihu. Mai asma ba shigar iska ce kaɗai matsalarsa ba, fitarta ce. In aka tura wata kafin ta farko ta fita, iska na taruwa a ƙirji, ta danne zuciya.

A ƙasa ta ƙara, da ƙananan baƙaƙe: kamar Baba.

Na mayar da littafin yadda na same shi.

Juma'a, 23 ga Agusta, safe

Ban ci ba.

Juma'a, yamma

Littafi ba Allah ba ne. Mutane ne suka rubuta. Yau su ce kaza, gobe su canja.

Asabar, 24 ga Agusta, ƙarfe sha ɗaya na safe

Mako uku. Maame Tawiah ta tafi wanka, na ciro jakar. Na toshe marfin da matashi na matsa, na ƙirga biyar, na matsa. Na duba agogon Ebo. Kafin minti goma yatsuna sun ƙage, kuma sau huɗu ina kama kaina na tsallake daga uku zuwa matsawa. Biyar na da tsawo. Ban taɓa sanin biyar na da tsawo haka ba.

Daga garinmu zuwa Mankessim, da tsayuwar, ya kusa awa ɗaya. Kukuwa ba ta ɓata ƙirga ko sau ɗaya ba. Ina kallon leɓenta, na sani.

A lokacin da muka shiga cunkoson nan, leɓen Ebo ya fara dawowa. Na gani. Na ɗauka idona ne.

Lahadi, 25 ga Agusta, tsakar rana

Fasto ya aiko a tambaye ni ko ina son a kawo min jibin Ubangiji ɗaki. Na ce a bari tukuna, cikina ba daɗi.

Ɗakin nan taku shida ne a tsaye, biyar a kwance. Taga ɗaya. Rigunan Ebo har yanzu suna warin man ƙirji.

Litinin, 26 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

Wayar Kukuwa ta yi ta ƙara a kan tebur, ta bar ta ta tafi bakin teku. Na ga sunan Malama Lamptey, na ɗauka. Ba ɗabi'ata ba ce, amma na ɗauka.

Ta yi min ta'aziyya. Ta ce, "Maame, ina da takardar 'yarki a gabana, ta janyewa daga karatu. Ban kai ta ofis ba. Zan riƙe ta har safiyar Litinin, daga nan ba ni da iko."

Na ce ban san ta rubuta takarda ba.

"Ta rubuta. Ta ce a hanya ta ruɗe, ta ɓata ƙirga, ta yi ta matsa jaka da sauri har mahaifinta ya cika, don haka ba ta cancanci a ba ta ran kowa ba. Maame, shekara biyu yarinyar nan tana ƙarƙashina. An taɓa ɗauke wuta muna ɗakin masu tsanani, ta riƙe jariri da jaka har aka tada inji, ko gira ba ta ɗaga ba. Ban yarda da takardar nan ba. Kina cikin motar, ko?"

Na ce ina ciki.

Sai na ce, "Malama, in tambaye ki. A ce wani, ba ita ba, a ce wani ya matsa da sauri. Kamar minti goma sha biyar. Shi ne zai kashe mutum?"

Ta ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba. Yana iya cutarwa ƙwarai. Amma ƙirjin da ya rufe haka, wasu muna rasa su a kan gadon asibiti, da na'ura, da likitoci biyar a kai. Ba wanda zai iya ce miki ga abin da ya ɗauke shi. Ni ban sani ba, Kukuwa ba ta sani ba, shi wanin ma ba zai taɓa sani ba. Abin da na sani, ba a koya masa ba. Ita an koya mata, kuma ta yi daidai."

Na gode mata. Na ce ta gaida gida.

Talata, 27 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Ba a shiga teku ranar Talata, ba kifin da za ta ɓuya a bayansa. Na aiki Maame Tawiah ta sayo min sabulu a shago mafi nisa. Ta dube ni ta ce, "Sabulun nan zai yi wuyar samu, sai na ɗan jima."

Na kira Kukuwa. Na ce, "Ƙarya kika rubuta wa malamarki. A gidan nan aka koya miki ƙarya?"

Ta ga jakar a kan tabarma, ta ja da baya har bango.

Na ce, "Amsa nake jira."

Ta ce, "Me kike so in rubuta, Maame?"

"Gaskiya."

"Gaskiya? To. In rubuta, ranar Asabar kuma in maimaita wa Egya Amissah? Kin san Anti Mansa. Ni in sun ce ni ce, me za su yi min? Su kira ni likitar iska, su yi dariya, shekara biyu an manta. Ke fa? Matar da aka ce da hannunta ta kashe mijinta. Za su fitar da ke daga ɗakin nan kafin a binne shi. Murhu shida, ina za ki kai su? A coci wa zai zauna kusa da ke?"

Na ce ba aikin ɗa ba ne ya ɗauki kayan uwarsa.

"Tun ina shekara bakwai nake ɗaukar itacenki."

Na ce kada ta yi min rashin kunya.

Ta ce, "Na roƙe ki sau uku, Maame. Na ce bari. Ban iya ƙwace ta daga hannunki ba. Abin da ya kamata in yi ke nan, in ture ki. Na kasa, saboda ke ce. Wanda ya kasa ture uwarsa don majiyyaci bai dace da aikin ba. Don haka ba duka ne ƙarya ba."

Ni na koya mata haka. Ba a ɗaga wa babba hannu, ba a mayar wa uwa magana. Da bulala na koya mata, ina alfahari.

Laraba, 28 ga Agusta

Ban fita ba.

Alhamis, 29 ga Agusta, ƙarfe shida na yamma

Yaya Mansa ta kawo dokono, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi. Ta ce kada in damu da zaman jibi, ba wanda ke da magana da ni. "Ke kin yi iyakar ƙoƙarinki, matarmu. Yarinyar ce za ta durƙusa ta nemi gafarar dangi, ta kawo kwalbar giya ɗaya, a zuba wa magabata, shi ke nan. Gidan nan kuwa ki zauna abinki har ranki."

Har raina. Ɗaki ɗaya, taga ɗaya, ina jin tarin 'yata ta baya har raina.

Shekara goma sha biyu ina tsayawa gaban mata ina karanta musu: kada ka yi shaidar zur. Ashe akwai wadda ake yi da rufe baki.

Juma'a, 30 ga Agusta, safe

Na tambayi Maame Tawiah me ke faruwa in mai takaba ta yi magana a zaman dangi da bakinta. Ta ce ba a yi, raɗa min za ki yi in faɗa. Na ce in an yi fa? Ta ce, "Sama dai ba ta taɓa faɗowa ba. Amma ki ci abinci tukuna, ba a faɗar gaskiya da yunwa, murya na rawa."

Na ci.

Asabar, 31 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma

An yi a tsakar gida, don kada in ƙetare ƙofa. Mutum kusan ashirin. Egya Amissah a kujerar Ebo. Aka tambayi Fiifi, ya ce hanya yake kallo. Aka ce Kukuwa ta fito tsakiya. Ta fito, ta fara lanƙwasa gwiwa.

Na ce, "Tashi."

Egya Amissah ya ce, "Maame Tawiah, matarmu na da magana ne? Ta raɗa miki."

Maame Tawiah ta ce, "Egya, kunnena ya toshe tun jiya."

Na fito da jakar daga zanena. Na faɗa musu. Ba zan sake rubutawa a nan ba, sau ɗaya ya isa, kuma na faɗa da ƙarfi har masu leƙe ta katanga sun ji. Na ce awa guda yarinyar nan ta riƙe ran ɗan'uwanku a hannunta, yadda aka koya mata, kuma yana dawowa. Na ce daga Mankessim ba hannunta ba ne a kan jakar. Na ce mai hura wuta ce ta ɗauka mutum murhu ne. Na ce maganar akuya da na yi a ƙofar asibiti, na yi ta ne don kada a kalle ni.

Yaya Mansa ta ɗora hannu a ka ta fara kuka tana kiran sunan Ebo. Ta ce, "Da na sani abincina da nake kawo miki na ba kare!" Wani ya ce a yi haƙuri, wani ya ce ba haƙuri. Egya Amissah ya buga sandarsa. Ya dube ni. Ya ce, "Yarinya ba ta da laifi a wurin dangi, ta tafi. Maganar matarmu da maganar gida, sai bayan an binne. Ba a yanke hukunci gawa na jira."

Kukuwa ba ta dube ni ba. Da aka watse ta shigo ta ce, "Kin ɓata komai, Maame."

Na ce, "Nawa na ɓata. Naki yana Akra. Je ki wanke hayaƙin nan daga kanki."

Lahadi, 1 ga Satumba, ƙarfe biyu na rana

Ba wanda ya kawo abinci yau. Matan ƙungiya uku ne suka biyo, da su goma sha ɗaya ne. Maame Tawiah ta dafa mana garin rogo da barkono, ta ce mijinta na biyu da shi ya rayu har ya mutu.

Da safe Kukuwa ba ta ce za ta tafi ba, ba ta ce ba za ta tafi ba. Na ji tana wanki. Wajen sha biyu ta shigo ta ɗauki jakar littattafai. Ta tsaya. Na miƙa mata jakar robar na ce ta biya ta mayar wa nas, kayan mutane ne.

Ba ta karɓa ba. Na riƙe abin a tsakaninmu, ban ce komai ba, wanda ba halina ba ne. Can sai ta durƙusa ta ce, "Ba haka ake riƙewa ba ma." Ta gyara min yatsu. Ta ɗora hannunta a kan nawa ta matsa. Na fara ƙirgawa, na kai uku hannuna ya motsa, ta danne shi.

"Biyar, Maame."

Muka yi sau goma ko fiye. A wani wuri na zare hannuna, ba ta lura ba, ta ci gaba.

Na raka ta har bakin ƙofar gida. Nan ne iyakata.

Litinin, 2 ga Satumba, ƙarfe uku na yamma

Tun tara nake kallon agogon Ebo. Murhu a kashe, ba mai tsayawa a kai, kifin wasu nake jin ƙamshinsa. Ban san inda zan kwana a watan Oktoba ba. Ban san ko ni ce ba, kuma an ce ba zan taɓa sani ba. Saura kwana ashirin da shida a ɗakin nan.

Ƙarfe biyu da rabi waya ta yi ƙara.

"Maame, na shiga. Sun ba ni jakar. Malama Lamptey ta yaga takardar a gabana."

"Sakamako fa?"

"Sai mako mai zuwa. Amma na matsa. Hannuna bai yi rawa ba."

Magana ta cika min baki. Cewa ba a murna kafin a ga sakamako. Cewa da ta ji maganata tun farko da ba a kai ga haka ba. Cewa ta gode wa Allah, ta rage yawo, ta ci abinci, ta dawo kafin binnewa da baƙin zane mai mutunci. Duk sun taho gaba ɗaya, suna tura juna.

Na ƙirga biyar.

Na ce, "Sannu da aiki, 'yata."